Gashin Wadha

Alƙahira, 3 ga Maris

Baba,

Gaisuwa da fatan ƙafarka ta yi sauƙi. Masu littafin dawakan asali sun yarda su rubuta duƙusarmu Shama'a, in gwaji ya nuna goɗiyarmu Wadha ce ta haife ta. Na ubanta yana wurinsu tuni. Ka cire gashi arba'in daga gezar kowacce, ka sa a ambulan daban. Fizge shi za ka yi da tushensa, Baba, a tushen ake yin gwajin. Littafin na gidajen Larabawan sahara irinmu zai rufe ƙarshen Afrilu, kuma ba za su sake buɗewa ba.

'Yarka,
Zahiya

Husainiyya, 12 ga Maris

Zahiya 'yata,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Ga gashin nan na aiko. Abin ya yi mini ciwo. Ina lissafa uwayen Wadha har takwas, tun wadda kakan ubana ya hawo daga ƙasar Najad, kowacce dattawa sun dafa Alƙur'ani a kanta, yau kuma sai wani yaro mai farar riga ya leƙa gashi kafin a yarda da ni. Amma na sani, ba mai ba mu ingarma yanzu sai ya ga takarda, kuma Shama'a kaɗai ta rage. Wadha ta rage cin ciyawa, shekara ashirin da bakwai ba wasa ba. Uwarki ta ce ki rage shan shayi.

Allah ya yi miki albarka,
Ghalib

Alƙahira, 6 ga Afrilu

Baba,

Bayan gaisuwa. Na Shama'a ya yi. Na Wadha kuwa ba tushe ko ɗaya, an yanke shi sumul. Matar ɗakin gwajin har dariya ta yi, wai: "Mahaifinki wanzami ne?" Ni ban yi dariya ba, kunya na ji da haushi. Don Allah ka fizgo wani yau ɗin nan, akwai sauran kwanaki.

Zahiya

Husainiyya, 15 ga Afrilu

'Yata,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta zo Wadha tana da kwana goma sha ɗaya a ƙasa. Mun binne ta bayan rijiya, muka zuba farar ƙasa saboda karnuka. Jiya na sa aka tone, ba abin ɗauka.

I, da almakashin uwarki na yanka. Na naɗe gashin a yatsa zan ja, sai ta juyo ta ɗora kanta a kafaɗata, na kasa. A gidanmu ba a taɓa jan gashin goɗiyar asali ba, ko yaro ya yi sai ya sha mari. Na ce a raina gashi ai gashi ne. Ban ɓoye miki mutuwarta don komai ba, hannuna ne ya ƙi rubutawa. Abin da mutum huɗu suka riƙe, a hannuna ya ƙare.

Ubanki

Alƙahira, 24 ga Afrilu

Baba,

Allah ya ba mu haƙuri, na yi kuka har na gaji. Na roƙe su, na kai musu takardun dattawa, suka ce ba su aiki da rantsuwa. Abu ɗaya ya rage. Za su ba Shama'a takardar barbarar yanyawa, da ita aƙalla za ta samu ingarma, ko da ba na asali ba. A gurbin uwa za su rubuta "ba a sani ba". Ban sa hannu ba, ina jiran ka.

'Yarka mai biyayya,
Zahiya

Husainiyya, 28 ga Afrilu

Zahiya,

Gaisuwa. Ki sa hannu. Amma ki ajiye takardar a wurinki, kada ta shigo gidan nan ina raye.

Allah ya yi miki albarka,
Ghalib