Na Kasa Ɗaga Baba

Gangara, daren Laraba, bayan girbin 1992

Yau Baba ya kasa tashi daga sujada a sallar la'asar a masallaci. Na kama hammatarsa na ja, sai gwiwoyina suka hau rawa, muka zube tare a gaban jama'a. Kawu Idi, wanda ya girme shi, shi ya ɗaga shi ya jingina shi da bango, ko nishi bai yi ba.

A hanya na tambayi Kawu Idi maganin da yake sha.

"Wane magani, ɗana? Guga nake ja kullum safiya. Tun ranar da kuka hana babanku noma don ya huta ƙafafunsa suka fara mutuwa."

Ni na hana shi, ina ganin tausayi ne. Ni kaina shekara ashirin ina koyarwa a lakol, makarantar boko, yanzu ga zaman taron jam'iyya, ba na ɗaga abin da ya fi alli nauyi.

Da magariba Baba ya ce, bai dube ni ba, "Gobe a gida zan yi salla."

Na ce, "Tare za mu taka, Baba, ko sau uku za mu huta."