Ni Ba IgM Ba Ne

Ke mai farar riga, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, wai wa ya ba ki izinin soka wa mutum allura, ki ɗebi jininsa, ki haɗa da hankalinsa ki tafi? A wace makaranta aka koya muku haka?

Kin tuna ranar da na dawo ɗakin gwajinku karɓar sakamako? Na ga an rubuta akwai IgG na ciwon shawara a jinina, na tayar da jijiyar wuya a gaban mutanen da ke kan benci, ina cewa mutuwa zan yi kuna ɓoye min. Shafi biyu na karanta a waya, na ɗauka na fi likita! Ke kuwa ko safar hannu ba ki cire ba, kika ce tsohon ciwo ne, tun ina yaro na warke, wannan mai gadi ne da jiki ya ajiye. Wallahi muryarki ta sauka a kaina kamar ruwan farko a busasshiyar ƙasa.

Amma zumata, abin da kika gaya wa yayanki ya iso kunnena. Wai ni IgM ne, ɗan uwan IgG mai zuwa da wuri da hayaniya, bayan 'yan makonni a neme shi a rasa. Ni? Haba!

Kwana biyu na rufe shagon gyaran wayata, na samo tsohon littafi, na karanta har idona ya yi ja. Ashe IgG ya fi duk 'yan uwansa yawa a jini. Ba ya gaggawa, a baya yake isowa, amma in ya ga fuskar cuta, shekaru sai su wuce bai manta ba. Shi kaɗai a cikinsu yake ratsawa daga jinin uwa zuwa ɗan da ke cikinta, ya yi gadinsa watanni bayan haihuwa. A wannan layin na ajiye littafin, na kasa ci gaba. 'Ya'yanmu na hango, da idanunki, da bakina, Allah ya kyauta!

Na yarda na zo da zafi, bakina ya fi ni sauri. Amma wata bakwai ke nan ina tsayuwa a bakin get ɗinku a lokacin tashi, ina haɗiye maganganu kamar magani mai ɗaci. Wane mai wucewa ne zai jure haka? Kin shiga jinina, farin cikina, kuma jinina ba ya mantuwa.

Yanzu yayanki ya ce ba zai saurari maganar aurenmu ba sai ya ji daga bakinki, ke kuma sai murmushi. Murmushi ba amsa ba ne, malama!

Naki, mai gadin ƙofarki har ƙarshen numfashi, zai zo gidanku ranar Asabar. Kada ki turo min saƙo a waya, ba zan buɗe ba. A falo nake so, yaya yana zaune, Umma tana ji, ki ɗaga murya ki faɗa: kina so na, ko ba kya so?