Mijina Yana Kirana Nakiya

Inna Tasalla, don Allah ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake.

Mijina Shitu yana aiki da masu fasa dutse a hanyar Funtua. Tun ina amarya yake kirana Nakiya, ni kuwa sai daɗi ya kama ni, a zatona ta shinkafa da zuma yake nufi, irin ta gara. Ran sunan ɗiyar Silifat, matar abokin aikinsa, na yi suɓul da baka na faɗa wa mata. Silifat ta yi dariya har da hawaye. Wai a wurin aikinsu nakiya ita ce wadda ake cusawa cikin dutse, a kunna lagwani, kowa ya ruga. Sai nakiyar ta yi shiru kamar ba komai, can kuma ta tashi da dutsen. Wai haka Shitu ke ba su labarina.

To ni dai ba na son hayaniya. Da damina ya yi alkawarin kai ni Danja in duba mahaifiyata, ya manta, ban ce uffan ba. Ya ba da aron turmina aka tsaga shi, na haɗiye. Sai lokacin cirar auduga, da ya ce miya ta yi gishiri, na zazzage masa duk abin da ke cikina, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Yanzu wannan laifi ne?

Tun ranar sunan nan ban ce masa komai ba. Ina kai masa tuwo da murmushi, amma na ɗaure kayana na tura ƙarƙashin gado. In tafi gidanmu?

Mai Haƙuri, Malumfashi

'Yata Mai Haƙuri, ki yafe mini, ni ma sai da na dara. Ga murmushi, ga ƙunshin kaya, shi kuwa bawan Allah yana lomar tuwonsa bai san lagwani ya kusa cinyewa ba. Anya sunan nan bai dace da ke ba?

Shitu bai kyauta ba. Zancen ɗaki ba na wurin aiki ba ne, kuma mai fasa dutse ya fi kowa sanin nakiya ba ta kunna kanta. Zuwa Danja haƙƙinki ne.

Amma ke ma, wannan ba haƙuri kike yi ba, ajiya ce. Mutumin da ya yi laifi da damina aka kama shi da kaka, ina zai gane kan zancen?

Ki kwance kayanki. Yau ɗin nan, bayan ya ci abinci, ki gaya masa abin da kika ji da yadda ya sosa miki rai, a kan wannan kaɗai, ki bar turmi ya huta. Daga yanzu, laifin Talata kada ya kai Laraba. Sannan ki sa masa ranar zuwa Danja da bakinki.

Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ƙara wa mahaifiyarki lafiya.

Inna Tasalla