Wayar da na kulle a kwalla

Zongo, Lome
Litinin

Yaya Ajaratu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya mai gidan da yara, ya kuma ciwon ƙafar?

Yaya, hankalina ba ya jikina, kuma a kan 'yarki ne. Kin san kunyar 'yar fari, ko sunanta ban taɓa kamawa ba, balle mu zauna zancen mata. Ke na bar wa wannan, kika kwashe kika koma Sokode.

Jiya na ɗauki wayarta, sai ga wani abu wai shi aplikasiyon, ƙawayenta na makaranta duk sun saka. Zanen cikin mace, da kalanda an ɗiɗɗiga mata ja, rubutun kuwa duk Faransanci. Ni da ko bonjur da ƙyar nake amsawa! Ga yarinya ta yi fari fat, sati uku ban gan ta a kan sallaya ba. Wallahi tsoro nake ko ciki ta zubar, wayar ce ta koya mata. Ban iya tambayarta ba. Na dai kulle wayar a kwallata. Kada babanta ya ji.

Ƙanwarki,
Barakatu

Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa, ya gida? Daga asibitin unguwar Amutibe nake rubuto miki. 'Yarki ce ta faɗi a aji ranar Laraba.

Ba ciki ba ne, Allah ya yafe min. Jinin al'ada ne ya ƙi tsayawa. Na kai wa nas wayar ta karanta min. Ashe tun kwana na takwas da fara jinin abin nan na cikin wayar ke ce mata ta je asibiti tare da mahaifiyarta, kullum sai ya tuna mata. Akwai wurin da yara ke aika tambaya a ɓoye. Tata ɗaya ce: yaya yarinya za ta faɗa wa uwar da ba ta kiran sunanta?

Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. An ɗaura mata ledar jini ta biyu, har yanzu ba ta buɗe ido sosai ba. Ina tsoro, Yaya, ki hau motar farko.

Ɗazu nas ta ce a riƙa kiran sunanta. Na duba, babu kowa sai ni. Na sunkuya na ce, "Muhsinat." Sai ta matse min yatsa.

Ƙanwarki,
Barakatu