Saƙon da Bai Isa Wayar Kawu Ɗahiru Ba

Litinin, 14 ga Yuli, 2025
Kawu Ɗahiru ya kira daga Kaikai. Tsutsa ta shiga masararshi. Maƙwabtanshi sun sami saƙon gargaɗi a waya tun makon jiya, sun yi feshi, shi ko bai ga komai ba. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Zuhura, ɗiyata, har da ni aka mance?"
Ni na rubuta manhajar da ƙungiyar manoman Kusada ke tura saƙonni da ita. Ni na shigar da sunanshi da hannuna.
Tuwo ya ƙi ciyuwa.

Talata, 15 ga Yuli
Sadisu, sakataren ƙungiya, ya ce a shafinshi komai kore ne, duk an tura. Wataƙila wayar Kawu ce, in ji shi. Ban yarda ba.
Na bar shafin, na buɗe baƙin allo. Da 'yar manhajar curl na aika buƙata kai tsaye zuwa saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke isar mana da saƙo: lambar Kawu da kalma guda, gwaji. Sabar ta amsa 200, wato lafiya lau. Kawu ya ce ya gani. Na tura gargaɗin tsutsa sukutum yadda manhaja ke turawa. Nan ma 200. Shiru a Kaikai.
To mene ne bambancin? Na tashi, na zauna, na sake tashi. Inna ta ce in zagayen tsakar gida zan yi, in ɗauki tsintsiya.

Laraba, 16 ga Yuli
Babu wuta a nan Kankia. Kwamfuta ta mutu. Tsutsa dai tana ci.

Alhamis, 17 ga Yuli
A shagon masu caji na yini, kan benci, janareto na cika mani kunne.
Na ƙara -v don curl ya nuna mani duk abin da ke fita da shiga, na zuba amsar cikin manhajar jq ta warware ta layi-layi. Ga shi nan, can ƙasa: an ƙi saƙon, akwai harafin da ba su gane ba. A sama 200, a ciki an ƙi! Manhajar kuwa saman kawai take dubawa.
Wane harafi? Sadisu ba ya sa wa haruffa ƙugiya in yana rubuta saƙo. Sai gaisuwar farko, inda sunan mutum ke shiga. Na mai da Ɗ ta koma D, na tura. Kafin in ɗaga kai Kawu ya kira.
Na laluba sauran. Ɗayyabu a Yashe, Ƙasimu, duk wani Ɗanladi. Duk wanda na tsaya na rubuta sunanshi daidai, shi ne bai samu ba. Na kira su ɗaya bayan ɗaya har murya ta dishe.

Juma'a, 18 ga Yuli
Gardama da Sadisu. Ya ce a cire ƙugiyoyin kawai a huta. Na ce sunan mutum sunanshi ne, ba zan yanke mashi kai don sabar ta ji daɗi ba. Ya ce, "Malama Zuhura, masara ake ceto."
Na yi ta gwaji har na gano yadda ake shaida wa sabar irin haruffan da ke tafe. Ta karɓa. Na kuma gyara manhaja ta riƙa karanta cikin amsa. Na tura wa Sadisu hoton allon.

Lahadi, 20 ga Yuli
Kaikai. Gefen gabas na gonar ya tafi, ganye duk huda. Sauran zai yi, in Allah ya so. Su Kawu sun yi feshi jiya. Na bi kunya-kunya tare da Kawu muna leƙa zuciyar masara.
Na ce ya nuna mani sabon saƙon. Ƙaramar wayar nan tashi mai tocila. A wurin Ɗ ɗan akwati ne fanko, sai ahiru. Na daɗe ina kallo. Ya karɓe abarshi ya sa aljihu, ya ce tun da ya iso kafin tsutsa, a kira shi ko da wane suna.

Talata, 22 ga Yuli
An yi ruwa da safe. Na yi barcin rana, abin da na kwana biyu ban yi ba.
A cikin manhaja sunayen na nan da ƙugiyarsu. Wanda ke fita zuwa waya ne kawai na cire wa ƙugiyar... Na ɗan lokaci ne.
Sadisu bai sani ba tukuna. Gobe, wataƙila.