Akwatin da Ka Aiko daga Bakin Kogin Piave

Ashafa, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, zumar da na zaɓa da kaina, kuma wanda ya fi kowa iya ƙona mini rai,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa ko ina fushi. Shekara biyu ke nan da tafiyarka Italiya karatun ban ruwa, kuma duk saƙon da ka turo labarin kogin Piave ne. Na haddace shi tsaf! Na san yana tasowa daga duwatsu kusa da iyakar Ostiriya, inda ƙanƙara ke narkewa. Na san yana kutsawa ta kwazazzabai, madatsu na tare shi, sannan ya baje kan farar tsakuwa, ya ratsa gonakin inabi har ya faɗa teku kusa da birnin Venis. Shi ya san inda ya dosa. Kai fa, ina ka dosa da ni?

Ka tuna ranar da ka fere mini rake a fadamarku ta Kudan, ka yanke yatsa, na ɗaure maka da bakin mayafina? Ranar ka ce kafin a sake saran rake magabatanka za su zo gidanmu a Ikara. An sara sau biyu.

Kwatsam sai ga abokinka Tukur da akwati, wai daga gare ka. Inna ta zaci kayan na-gani-ina-so ne. Ta kira Gwaggo Azumi daga Makarfi, ta tara maƙwabta, aka shimfiɗa tabarma, har guɗa an rangaɗa. Aka buɗe. Taswira, Ashafa! Taswira, da fararen duwatsu bakwai, da gorar ruwan kogi! Gwaggo ta shinshina gorar ta tambaya ko Zamzam ne. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu duk inda na gifta amaryar tsakuwa ake ce mini.

Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi in manyanka ba su zo kafin Babbar Sallah ba, kada a ƙara ambaton sunanka a gidansa. Ban ce ka dawo ba, masoyina. Kawunka yana nan Kudan, yana da waya, yana da babur. Me ya rage?

Wallahi ba zan kalli wani ba, kafin Sallah ko bayanta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Amma in ranar ta wuce, zan bi maganar Baba. Zan ci gaba da son ka, sai dai ba za ka ƙara ji daga bakina ba.

Taka har ƙarshen numfashi, ranta a ɓace,
Wasila