Kiwon Mesar Lado

Lahadi, 5 ga Yuni, 1955
Yau Lado, ƙanen marigayi maigidana, ya kawo mini ajiya. Gardi ne, shekara sha ɗaya yana wasa da mesa ɗaya a kasuwar Jibiya, da ita yake ci da iyalinsa. Ɗiyarsa ba ta da lafiya a Damagaram, direban motar Maradi kuma ya rantse mesa ba za ta hau masa mota ba. Ka ji yadda akwatin ya sauka a ɗakin marigayi.

Sunanta wai Talatu. Ya ce, "Matar yaya, kaza ɗaya in wata ya tsaya. Ɗaya tak." Na ce kai dai marowaci ne tun kana yawo ba wando.

Laraba, 8 ga Yuni
Na leƙa ta. Ba ta ƙifta ido. To yaushe take barci?

Talata, 21 ga Yuni
Na ba ta kazar. Na tsaya na kalla daga bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Ta kai take farawa. Bakin nan da bai fi na ludayi ba sai ya buɗe, ya buɗe, har ƙafafun kazar suka shige. Ina fuka-fukan suke zuwa? Jikokina sun tambaye ni, na ce matashin kai take ɗinkawa a ciki. Sun yarda kuwa.

Alhamis, 30 ga Yuni
Kwana tara ba ta ci komai ba, a gidana! Ko akuya ba a yi mata haka. In maƙwabta suka ji Salmatu ta bar baƙuwa da yunwa, ina zan sa fuskata? Na ba ta ɗan zakara. Ta karɓa ba ko kunya.

Litinin, 1 ga Agusta
Na miƙa mata naman layya, ta kau da kai. Ita mai rai take so. 'Yar sarauta!

Asabar, 27 ga Agusta
Yanzu duk sati nake ba ta, wani lokaci sau biyu. Mutanen ƙauyenmu Kusa sun ji labari, duk wanda ya kama gafiya a rumbunsa sai ya kawo. Ta yi ƙiba gwanin sha'awa, ta kai cinyata. Kan ne dai ya koma ƙarami. Lado zai zo ya ga yadda ake riƙon baƙo.

Juma'a, 23 ga Satumba
Akwai abin da ban gane ba. Da in ta naɗe kamar gammo take, tsaf. Yanzu naɗin ba ya haɗuwa, gefenta duk ninki-ninki kamar wuyana. Saɓar da ta yi ma ba ta fita gaba ɗaya ba, guntu-guntu ta maƙale mata.

Talata, 4 ga Oktoba
Ta harar da gafiyar shekaranjiya. Warin ya kori kowa daga tsakar gida. Tana numfashi baki buɗe. Ban ci tuwo ba.

Laraba, 5 ga Oktoba
Na kira Nagoggo maharbi, shi ya san naman daji. Ya tsuguna ya latsa ta da yatsa, yatsan ya nutse.

Ya ce, "Iya, wa ya yi wannan aika-aika?" Na ce mutanen Kusa. Ya dube ni, na dubi rufin ɗaki.

Wai a daji mesa sai ta yi tafiya, ta yi kwanto wata guda kafin ta samu abu. Ta akwati ba inda take zuwa, duk abin da ta ci kitse yake zama. Ya ce ya feɗe irinta, kitsen ya lulluɓe hanta da zuciya har ba ka ganinsu. Ba ta san ƙoshi ba, in ka ba ta za ta karɓa har ta mutu. Na tambaye shi ko tana jin ciwo. Ya ce bai taɓa tambayarta ba. Ɗan banza.

Sai ya fito da abin da ke ransa. Wai da wuya ta kai sabuwar shekara, gara a yanka ta tun fatar tana da kyau, kitsen kuma masu ciwon gwiwa suna nema. Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Amanar mutum ce.

Ya ce to, wata uku ba ci, ruwa kawai, kuma a riƙa sa ta tafiya. Watakila.

Lahadi, 9 ga Oktoba
Ni ce da fito da mesa shan iska da hantsi. Ina zungurar ta da kara, tana jan ciki daga rumbu zuwa gindin itacen maina, ni da ita duk muna haki. Na taɓa ta da hannu yau. Ashe ba santsi gare ta ba, a bushe take, mai sanyi.

Alhamis, 27 ga Oktoba
Ta kai rijiya ta dawo ba zungura. Bakin a rufe.

Lahadi, 13 ga Nuwamba
Lado ya dawo, ɗiyar ta samu sauƙi. Ya buɗe akwati ya ɗago ta. Ya yi ƙoƙarin ɗora ta a wuya kamar yadda ya saba, sai da ya durƙusa. Na shirya masa zolaya iri-iri, ko ɗaya ba ta fito ba. Na faɗa masa gaskiya, ban sa mutanen Kusa a ciki ba.

Ya ce, "Ɗaya na ce miki, matar yaya." Shi ke nan. Da ma zagina ya yi.

Laraba, 16 ga Nuwamba
Ya shigo da safe da 'yar budurwar kaza a hannu. Wai Talatu tana ɗaga kai tana lasar iska, tausayi take ba shi. Na tare ƙofa. Na ce saura kwana hamsin kafin ta ci, in ta mutu kai da iyalinka me za ku ci? Ya ce mesarsa ce. Na ce a ɗakina take.

Kazar mun yi miya da ita. Akwatin na ce ya bar shi nan tukuna, gidansa ba filin tafiya. Saboda filin ne kawai.